Muryar Inna a Kwandon Shara

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da asibitin naki da marasa lafiyar da suka fi mu ganin fuskarki. Ni dai da sauƙi. Gwiwar hagu ba ta lanƙwasuwa da safe sai na lallashe ta. Kunnen dama ya mutu murus, na hagun ne ke ɗan taimakawa in mai magana ya matso. Maganin hawan jinin da kika aiko yana nan, ina sha in na tuna.

Maƙwabcina Tela ne ke rubutawa kamar kullum, ni ina faɗa. Na ce masa ya sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ya yi mata kalmasa kamar bakin riga. In kin ga wani wuri ya yi laushi, to hannunsa ne, ba bakina ba.

Direban bas da ke kai mana wasiƙa ya ce kin yi ta kiran waya kina jin ta a kashe. Ki zauna kafin ki karanta dalili. Muryar uwarki ta ɓata.

Kin san da ta ga ciwon nan ba mai tashi ba ne, ta riƙa ɗaukar muryarta a wayarta. Ta ce ni ba na jin magana sai an maimaita, to ga abin da ba ya gajiya da maimaitawa. Tun da ta rasu wayar tana aljihuna, kuma ban taɓa buɗe shago ban kara ta a kunnen hagu ba. A wani saƙon ta ce in sha magani. A wani ta ce in daina faɗa da mai kawo katako. Akwai wanda ta fara da wani suna da take kirana da shi in muna mu biyu, wannan ba zan faɗa wa Tela ba ko zai mutu da son ji. Akwai kuma wani da ta manta ta bar abin yana ɗauka, babu magana a ciki, sai ƙarar keken ɗinkinta da ita tana 'yar waƙa ta hanci. Shi nake sawa in zarto ya gajiyar da ni.

To sai wayar ta fara ƙorafi da jan rubutu, wai ta cika. Masu kawo aiki ne suka cika ta da hotunan kabad da gadaje, kowa ya ga na maƙwabcinsa sai ya turo min wai irinsa yake so. Na nuna wa Tela, ya ce gogewa ake yi. Ga shi nan yana cewa in gaya miki shi hotuna ya ce a goge. To na gaya miki, rubuta mu wuce.

Tun kafin a haife ki nake share shago, ban taɓa kwashe guduma cikin shara ba. Amma abin nan duk kamanninsu ɗaya, 'yan ƙananan akwatuna a jere, ga yatsana ya fi kowannensu faɗi. Na goge wasu, ta yi shiru. Da safe na nemi na keken ban gan shi ba, na ce ko ya gangara ƙasa ne. Bayan mako guda ta sake ƙorafin. Raina ya ɓaci, na danna wani abu da ya yi wa komai alama, na goge. Washegari na kara a kunne, shiru. Babu ko ɗaya.

Na kai ta wurin mai gyaran waya na bakin tasha. Ya juya ta gaba da baya, ya ce sai an wanke ta. Na ce wanke mana, in wanki zai fito da abin da ya maƙale. Ya miƙo min ita fes kamar ranar da aka saye ta, ba ta san ni ba, sai tambayar wata kalmar sirri take. Na ce ina muryar? Ya ce wace murya? Allah ne ya sa akwai mutane a wurin.

Na kashe ta, na naɗe ta da ɗankwalin uwarki, wanda shi kaɗai ya tsira daga hannun wancan yayan naki, na kulle a akwatin kayan aiki. Tela kuma kin san ba ya riƙe waya tun da aka zare masa tasa a layin mai, don haka kada ki wahalar da kanki. Takarda ta ishe mu.

Ba na neman komai a wurinki. Na gaya miki ne kawai don ki san an binne ta sau biyu, na biyun da yatsana.

Ubanki.

*

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, aiki ne dai ya yi yawa, mu biyu ke riƙe da ɗakin yara yanzu. Ka gaishe min da Kawu Tela, Allah ya saka masa. Gwiwar nan ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi kafin ka taka. Magani kuma ba "in na tuna" ake shan sa ba, Baba, kullum ne.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin ɗakin magani, sai da na nemi wuri na zauna. Ni ma saƙonnin Inna sun ɓace a tawa wayar, na ɗauka matsalar tawa ce. Ban yi fushi ba, wallahi, kuma ba ka binne kowa ba. Amma don Allah, don darajar Inna, kada ka sake taɓa komai a wayar nan. Kada ka danna, kada ka ba mai gyara, kada ka ba kowa. Na yi magana da Yaya, zai zo wurinka, shi za ka ba. Juya takardar.

(Bayan takardar)

Ga abin da ya sa. Muryar Inna ba a cikin wayar kaɗai take ba. Lokacin da Yaya ya saya mata wayar, ya buɗe mata rumbun ajiya a intanet, duk abin da ta ɗauka can yake tafiya, daga can ni ma nake saurara. Da ka goge a wayar sai ya gogu a can ma. Amma rumbun yana da kwandon shara. Abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana zama a kwandon wata guda, ana iya maido da shi. In watan ya cika, shi ke nan, ba mai iya dawo da shi har abada. Kuma watan ya fara ƙirgawa tun ranar da ka fara gogewa, ba daga yau ba.

Shiga rumbun yana son abu biyu. Kalmar sirri, Yaya ne kaɗai ya san ta. Sai wasu lambobi da za a turo ta layin Inna, wanda ke cikin wayar da ka kulle, kuma lambobin ba sa daɗewa suke mutuwa. Ka ga ke nan dole kalmar da layin su haɗu a wuri ɗaya. Na nemi hutu in zo da kaina, an hana ni, ba mai karɓata.

Na san abin da ke tsakaninku. Ka ajiye shi na rabin yini kawai, in an gama ka ɗauka.

'Yarka,
Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ruwan ɗumi bai san ta ba.

Wasiƙarki ta iso. Tela ya fara karantawa, da ya zo wurin da kika ce kada in taɓa komai, wai in ba yayanki wayar, na karɓe ta daga hannunsa na danne ta da gwangwanin gam. Abin da na ji ya ishe ni. Ni ne yau ake ce wa kada ka taɓa? Hannun nan shi ya ƙera gadon da aka haife ki a kai. Shi ya ƙera teburin da kika yi karatun da kike taƙama da shi, har yau bai yi ko ƙiƙi ba. Yau na zama ɗan yaye da ake ɗauke wa ashana. Na yi kuskure, na faɗa da bakina, ba wanda ya matsa min. Amma wanda ya faɗi ya faɗa miki ya faɗi, ba a taka masa wuya.

Sannan kika ce in ba wancan. Wancan!

Ya zo kuwa. Shekaranjiya da hantsi ina goge ƙofar kabad da sanfefa, na ga inuwa a bakin shago. Ya tsaya can, da kayan aikinsa duk ƙunar walda, yana murza hula a hannu. Ya yi sallama, na amsa, don sallama ta Allah ce. Ya ce, "Baba, wayar Inna na zo." Ko ina kwana bai gama ba, wayar Inna. Na ce me kuma ya rage da ba ka ɗauka ba? Ya fara wata magana, ni kuma na juya masa kunnen dama. Kin ga amfanin mataccen kunne. Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya sa hularsa ya tafi. Tela yana leƙe ta tagarsa, ya ce wai na yi rashin kirki. Rubuta haka, Tela, ba na tsoron maganarka.

Ke ba ki nan lokacin, kin koma aiki, bari in sake gaya miki don na ga kin manta. Ko mako biyu uwarki ba ta yi a ƙasa ba, na dawo daga shago na tarar da ɗakinta a share ƙal. Kayan sawarta an rarraba wa ƙannenta. Labulen da ta ɗinka an cire. Keken ɗinki an ɗauke, sai sawun ƙafafunsa huɗu a siminti. Har ƙamshinta an buɗe taga ya fita. Ɗankwalin nan ma don yana ƙarƙashin matashina ne ya tsira. Na ce wa ya yi wannan? Ya ce shi ne, wai don kada in riƙa gani ina ƙunci. Wa ya gaya masa ba na son ƙuncin? Nawa ne. Shekara nawa na yi da matar nan kafin a san za a yi shi? Bai tambaye ni ba, bai ce Baba me za a bar maka ba. Ranar na ce ƙafarsa ba za ta sake tsallake ƙofata ba, kuma ni ba na magana biyu.

To wanda ya share ɗakinta ba zai riƙe wayarta ba. Ko fanko ce, tata ce, yatsunta sun goge gefenta. Zai ɗauka ya ba matarsa ko ya sayar, ya ce don kada in riƙa gani.

Kada ki sake turo min shi. In kin rasa abin rubutawa, rubuto min labarin yaran da kike jinya.

Ubanki, kafinta, wanda har yanzu ake kawo wa aiki.

*

KAWU TELA, KA KARANTA MASA WANNAN KAFIN GAISUWA, KUMA KA RIƘE TAKARDAR DA HANNU BIYU: Baba, muryar Inna ba ta mutu ba. Ana iya dawo da ita. Amma lokaci ya kusa ƙarewa.

Yanzu ina gaishe ka. Ina lafiya, sai dai ba na barci sosai tun da wasiƙarka ta zo. Bas ɗin ma ya lalace a hanya, ta yi kwanaki a tasha kafin ta same ni, kowace rana kuma daga cikin watan nan take fita.

Ka ɗaga gwangwanin gam ka juya waccan takardar. Duk bayanin yana baya. Ban ce hannunka ba shi da kyau ba, Baba. Ni da nake gaya wa abokan aikina teburina ya girme ni kuma ya fi ni lafiya? Na ce kada ka taɓa ne don kowace dannawa tana iya ƙarasa abin da ya rage. In na ɓata maka rai ka yafe min, amma ka yafe da sauri.

Na roƙi Yaya ya ba ni kalmar sirrin in nemi wata dabara. Ya ƙi. Ya ce Inna ce ta zaɓe ta da kanta, ta ce kada ya faɗa wa kowa, kuma ba zai buga ta ba sai kana wurin. Na yi faɗa, na yi kuka, ya ce shi ba ya magana biyu. Ka san inda ya samo wannan? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku biyu kun sa ni a tsakiya kamar katako a bakin zarto.

Ya ce kuma ba zai sake zuwa ƙofarka ba, don ka rantse, ba ya so ya zama sanadin karya rantsuwarka. Amma ka rantse ne a kan ƙafarsa da ƙofarka. Ba ka rantse a kan ƙafarka da ƙofarsa ba. Na duba maganar ta kowane gefe, babu.

Ba na cewa ya yi daidai a kan ɗakin Inna. Bai yi ba, na gaya masa. Shi ma uwarsa ce ta mutu, kowa da yadda yake haukansa. Amma ni fa, Baba? Ni ban samu ko ɗankwali ba. Muryar nan ita nake sawa in na fito daga ɗakin da yaro ya mutu a hannuna. Ba taka ce kai kaɗai ba.

'Yarka,
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa. Lafiya lau, sai dai abinci ba ya min daɗi kwana biyu.

Mun ɗaga gwangwanin. Gam ya ɗiga ya kama takardar da benci, sai da Tela ya sa reza a hankali. An karanta min bayan, sau biyu. Me ya sa ba ki sa maganar kirki a gaba ba? Wa ke ɓoye nama a ƙarƙashin tukunya ya sa faɗa a sama? Tela ma da laifinsa, mai karatu ai ya kamata ya san takarda tana da baya.

Wai uwarki a kwandon shara. Matar da ba ta barin ko zare a ƙasa. Duk wanda ya raɗa wa abin wannan suna ba shi da uwa.

Na yi tunanin abin da kika ce game da ƙofa. Wayo ne irin na 'yan boko, amma ban samu inda zan kama shi ba. Sai dai ki duba: ni uba, in ɗauki ƙafa in ratsa gari in je in tsaya a gaban ɗan da na haifa kamar mai neman aiki? Masu shagunan layinsa su ce ga tsohon nan ya sauko? Jiya na sa takalmi, na kai har bakin titi, na ga bas ya taho, na tuna ban rufe gam ba na koma. Yau kuma hadari ya haɗu.

Maganar da kika yi ta yaron da ke mutuwa a hannunki, ba ki taɓa gaya min ba. Ban san kina saurara ba. Na ɗauka ku yara kun warke.

Zan duba. Ban ce zan je ba.

Ubanki.

('Yata, Tela ne da kaina, ya fita wanke hannu. Babu wani hadari, rana ce ƙwal. Kuma gam ɗin a rufe yake. Amma ya fito da wayar daga akwati, tana aljihun gabansa. Ki yi addu'a.)

*

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya kuma kin samu barci. Ni lafiya, gwiwa ce ta kumbura saboda hawa bas da sauka. Kada ki amsa waccan wasiƙar, wannan ta shafe ta. Na kuma ji abin da Tela ya ƙara a ƙasanta, direba ya tona masa asiri, za mu yi wannan shari'ar daga baya.

Na je. Ba washegari ba, sai da na ƙara kwana biyu, kuma za ki ji abin da kwana biyun nan suka ci.

Shagon nasa ya fi yadda nake zato girma. Ƙofofin ƙarfe a jingine har bakin titi, ƙauri ko'ina, wuta na tartsatsi. Yana durƙushe yana haɗa wata taga, da baƙin gilashin nan da suke rufe fuska da shi. Na tsaya a kansa. Da ya ga takalmina sai wutar ta mutu. Ya ɗaga gilashin, ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya jawo min kujerar ƙarfe ya goge da hularsa. Na ce ba zama na zo yi ba. Sannan na zauna, saboda gwiwa.

Na kwance ɗankwalin na ajiye wayar a cinyata. Da ya ga ɗankwalin ya kau da kai. Ya ce sai ya cire layin ya sa a tasa wayar, don wannan an wanke ta ba za ta nuna saƙo ba. Na ce cire a gabana. Ya wanke hannu tukuna, na lura da wannan. Ya zare wani ɗan abu da bai kai farcena ba. Wai a kan wannan ƙwayar ake ta wahala.

Sai ya fara buga kalmar, yana karkatar da wayar. Na ce a'a, ba a yi min asiri a kan kayan matata, faɗe ta da baki. Ya ce, "Baba, bari kawai in buga." Na ce faɗi. Ya duba hagu da dama, ya zagayo ta kunnen hagu, ya sunkuyo, ya ce, "Kan Guduma."

Auta, sunan nan ne. Wanda na ce ba zan faɗa wa Tela ba. Ga shi yanzu ya ji, yana dariya har alƙalami ya faɗi. Ɗauki ka rubuta, tsohon banza. Ni da na ɗauka daga ni sai ita muka san shi! Yayanki ya ce ranar da ya kawo wayar ya ce ta zaɓi kalmar da ba za ta taɓa mantawa ba, kuma mai ƙarfi wadda ba a fasawa. Ta ce in dai abin da ba ya fasuwa ake nema, tana da shi a gida.

Na so in yi fushi, ban samu inda zan fara ba.

Lambobin suka shigo, ya buga, rumbun ya buɗe. Ya nuna min kwandon. Ga su nan a jere, kowanne da ɗan rubutu a ƙarƙashinsa na abin da ya rage masa, kamar marasa lafiyarku a layi. Ya yi musu alama duka. Da na ga alamar nan gabana ya faɗi, na riƙe masa hannu, don irinta na yi ranar. Ya ce, "Wannan na maidowa ne, Baba. Kai za ka danna." Na ce yatsana ya yi faɗi. Ya riƙe yatsan ya kai shi wurin. Na danna.

Ya buɗe na farko ya ƙure ƙara, ya kara min a kunne. Amma shagon ya yi tsit, kowa ya ji. Ta ce, "Malam, ka sha maganinka, kuma kada ka tsaya gardama da kwalba." Tana ɗan haki, yadda take yi a ƙarshe. Na duba yayanki, na ga ya sauke baƙin gilashin a fuskarsa. Ba walda yake yi ba, wutar a kashe take. Na bar shi. Ni ma tartsatsin shagon ya shiga min ido.

Yanzu ga mara daɗin. Ba duka suka dawo ba. Waɗanda na goge a karon farko watansu ya cika, ya ce da jiya ko shekaranjiya na zo da an same su. Na keken yana cikinsu. Ya bincika ko'ina, ya rubuta wa masu rumbun ma, amma ya ce kada in sa rai. Ƙarar keken nan da waƙarta ta hanci sun tafi. Ki yi haƙuri, Auta. Na san ke ma kina son shi. Uwarki ta san sunan da ta ba ni.

Sai yayanki ya ce, "Keken yana gidana, Baba. Ban ba kowa ba. Na rufe shi da zane, ba wanda ke taɓawa." Ya ce in na yarda zai ɗauko mota ya kawo har bakin ƙofa, Tela ya shigar. Tela har ya fara cewa zai riƙa zuwa yana taka min shi in ji ƙarar. Na ce ƙarar za ta yi, amma in ya kuskura ya yi waƙa ta hanci zan kore shi, muryarsa kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba.

Ban ce a kawo ba tukuna. Saman keken nan katako ne, ni na sake masa shi da hannuna, kuma katako in an rufe shi shekara guda ba mai ba iska, tsagewa yake. Masu walda ba su san katako ba. Gobe zan je gidan da mai da sanfefa in duba shi. Don keken zan je, ki rubuta wannan a ranki. Ban ce na yafe ba. Matarsa ta aiko wai za ta dafa da ni, na ce duk abin da suka ga dama.

Ɗana ya ce yanzu ya ajiye muryar wuri uku, ɗaya a wurinki, ki duba ki gani. Tela, me kake kallona? Rubuta yadda na faɗa.

Ya mayar da layin ya buɗe min wayar. A kunne take, kina iya kira, sai dai ki ɗaga murya. Kuma na sha maganin yau, ban yi gardama da kwalba ba.

Ubanki.